Hutun keke a bakin kogin Mosel: abin da na gani tun kafin mu tashi

'Yan uwa na gida, salamu alaikum. Masu tambaya ko za mu zo hutun bana, kuɗin jirgi ya fi ƙarfinmu, sai baɗi in Allah ya kai mu. Abin da muka shirya ni da uwargida da yarinyarmu shi ne mu bi bakin kogin Mosel a nan Jamus a kan keke, daga Trier zuwa Koblenz, tafiyar kusan kilomita 200. Na san wani zai ce babu ce ta kai mu ga haka. A Jamus likita da alƙali da tsohuwa mai cin fansho su ne za ka tarar a wannan hanya, kowa da jaka biyu rataye a kariya, wani keken nasa ya fi tsohuwar mota tsada.

Shirin ya fara ne da kai kekena shagon gyara. Keke ne mai araha da na saya a babban kanti, shi nake hawa zuwa aiki sanyi da zafi. Birkin baya ya saki, tayar gaba tana sacewa. Na tura shi cikin shagon na yi gaisuwa. Mutumin ko sifanar hannunsa bai ajiye ba, daga inda yake ya dubi keken ya ce, "Wannan ba a wurinmu aka saya ba. Irinsa ba ma taɓawa." Na ce, "Malam, birki ne kawai da faci." Ya ce faci ba sa yi, tiyub suke canzawa, kuma ko da keken nasu ne sai an ba ni rana, littafinsu ya cika har makonni masu zuwa. Ya juya ya ci gaba da aikinsa. Mutanen da ke jira a shagon kowa ya sunkuyar da kai. Na juya keken a wannan matsattsen wuri, feda tana bugun ƙafata, na fito.

Abin ya ci mini rai ƙwarai. Da farko na ɗauka fatata ce. Maƙwabcina Bajamushe ya ce shi ma an taɓa kora masa keken ɗansa haka, ya yi mini bayani: awa ɗaya ta aikin hannu a irin shagon nan ta haura yuro 60, kayan keke mai araha ba sa saituwa da kyau, kuma in birki ya ƙi ci bayan sun taɓa shi, su doka za ta kama. Na ji bayanin, na yarda da rabinsa. Amma ba bayani ne zai goge yadda mutum ya ƙi ko matsowa ya taɓa abin da ka kawo masa ba.

Tun daga ranar mai facin unguwarmu yake raina. Kun san shi, ko ba shi ba irinsa, a gindin darbejiya da famfonsa da daron ruwan da ya yi baƙi. Ka iso yana cin abinci ma zai ture kwanon ya ce, "Sannu da zuwa, me ya same shi?" Ya kifa keken a kan sirdi, ya zare tiyub, ya hura, ya bi shi a ruwa kaɗan-kaɗan har kumfa ta tona inda ƙaya ta shiga. Ya kankare wurin, ya shafa sholisho da ɗan yatsa, ya dakata ya sha iska, ya manna. Kafin ya mayar sai ya zagaya hannunsa cikin tayar ya ciro ƙayar ya nuna maka. Bai taɓa tambayar ina ka sayi keken ba. Rali ne, Finis ne, ko wanda aka harhaɗa daga gawar keke uku, duk nasa ne. Mu kuma me muke yi masa? Mu tsaya muna ja-in-ja a kan kuɗin da bai kai na lemon kwalba ba, ko mu ce "bari in dawo" mu bi wata hanya. Ɗanmu ya ce zai koyi gyaran keke mu ce ya lalace. A nan sana'a ce da ake shekara uku da rabi ana koyo, da jarrabawa da takardar shaida, shi ya sa mai ita yake iya kallonka ya ce a'a. Wallahi hannun namu bai gaza nasu ba, daraja ce ba mu ba shi ba.

Dole muka koma haya, a nan kuma Jamus ta nuna ɗaya fuskar tata. Matar da ke shagon haya a Trier ta tambayi tsawon kowannenmu tun a waya, ta ce in mun zo za ta saita sirdi da kan keke daidai jikin kowa. Da uwargida ta ce da doguwar riga za ta hau, nan take ta ce akwai wanda ba shi da ƙarfen tsakiya, sarƙarsa a rufe, riga ba za ta shiga ba. Ba ta yi mamaki ba, ba ta yi wata tambaya ba. Akwai mai batir da ke taimaka wa ƙafa har gudun kilomita 25 a awa, shi uwargida ta zaɓa. Akwai ma masu ɗaukar akwatinka da safe su kai maka masauki na gaba kafin ka isa, in ka biya.

Hanyar kanta an yi ta ne don mai keke. Mafi yawanta kwalta ce shimfiɗe a bakin ruwa, ba hawa ba gangara, da alluna a mararraba masu nuna gari na gaba da nisansa. Kowa ya ce mu bi yadda ruwa ke gangarawa, don iska ta fi busowa daga yamma, za ta kasance a bayanmu. Ƙungiyar masu keke ta ADFC tana da tambarin Bett+Bike da take ba masaukai: duk mai shi dole ya karɓe ka ko kwana ɗaya za ka yi, ya ba ka ɗaki mai kulle na ajiye keke da wurin shanya jiƙaƙƙun kaya. In yarinya ta gaji, a jihar Rheinland-Pfalz, inda hanyar take, ana shiga ƙananan jiragen ƙasa da keke kyauta bayan ƙarfe tara na safe, in akwai wuri. Ku auna wannan da mai keke a titin Zariya, tsakanin adaidaita sahu da tirela, wanda in an buge shi ma shi za a zaga. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 mutane da yawa sun koma keke, amma ban ji inda aka ware musu ko taku biyu na titi ba.

Na tambayi matar shagon haya, in taya ta sace ranar Lahadi fa, da shaguna duk a rufe? Ta ce akwai injin sayar da tiyub a jikin bangon wasu shagunan, ka zuba kuɗi ya faɗo maka. Na je na ga irinsa a garinmu, akwati shuɗi na kamfanin Schwalbe. Dabara ce mai kyau, ba musu. Sai dai injin ba zai zare maka taya ba, ba zai ce maka sannu ba. Kai da hannunka a bakin hanya, ko ka iya ko ba ka iya ba.

Sai zancen inabi. Duk kwarin gonakinsa ne, tun zamanin Rumawa, waɗanda suka gina ƙofar Porta Nigra a Trier wajen shekara ta 170. A ƙauyen Bremm akwai gangaren Calmont, inda tsayuwar dutsen take kai digiri 65, kuma a haka ake noma shi da hannu. Ina so in ga wannan da idona, don noma ne da duk manomi zai girmama. Amma kusan duk amfanin giya ake yi da shi, kuma duk takardar talla da aka turo mini, ɗanɗanon giya ne a shafin farko. Wani masauki har kwalba ya ce zai ajiye mana a ɗaki don maraba. Na rubuta na ce mu Musulmi ne, aka amsa cikin ladabi cewa za a sa ruwan inabi zalla, wanda su ma manoman suke matsewa su sayar. An gargaɗe ni da wani farin abin sha mai zaƙi na lokacin kaka, Federweisser, wanda baƙo zai ɗauka lemo ne alhali ya riga ya fara zama giya.

Tsofaffin fadojin dutse kuwa, kusan kowane lanƙwasar kogi da nata a kan tudu. Ta garin Cochem sojojin Faransa sun rusa ta a 1689, ta zauna kango har wani attajirin Berlin, Louis Ravené, ya saye ta a 1868 ya sake ginawa. Ta Eltz ba a taɓa rusa ta ba, kuma zuriya ɗaya ce ke riƙe da ita fiye da shekara 850. Kango ma a nan ana share shi, a kafa masa allo, a karɓi kuɗin shiga. Mu da muke da ganuwar Kano da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu, mun bari ana haƙar ƙasarta ana kafa shaguna a kanta, attajiranmu suna wucewa a mota. In lokaci ya ba mu dama kuma za mu leƙa sama da Trier mu ga Shengen, ƙauyen ƙasar Luksambur da ke bakin wannan kogi, inda aka sa hannu a yarjejeniyar buɗe iyakoki tsakanin wasu ƙasashen Turai ta 1985 a cikin jirgin ruwa. Sunan da ke hana mutanenmu barci a layin biza, ɗan ƙauyen manoman inabi ne.

Abin da ya rage yana damun uwargida shi ne ciki. Karin kumallonsu burodi ne mai sanyi da cuku da yankakken nama, mafi yawa na alade. Ruwan sha a gidan abinci saye ake yi, in ba ka yi magana ba mai gas za a kawo. Bayi babu buta, sai mu tafi da gorarmu. Masallaci sai Trier da Koblenz muka tabbatar, tsakani kuwa dardumarmu ce a kariya, ga isha'i a watan Yuni ba ta shiga sai wajen sha ɗaya na dare. Don haka duk mai tahowa nan kusa, don Allah ya riƙo mana yaji da ƙuli-ƙuli da garin kunu. Kilishi kam kada ku sako, dokar Tarayyar Turai ta hana shigo da nama a jakar matafiyi, a filin jirgi za a ƙwace shi.