Hoton PET da aka yi wa yayata a Delhi

Wata bakwai Yaya tana fama da gudawa, ga wani zafi da ke taso mata a fuska haka kawai. Hoton CT a Kano ya nuna tabo a hanta, gwajin tsoka ya ce ƙari ne irin na niyuro'endokirin, wato na ƙwayoyin da ke fitar da sinadaran hormon, amma an rasa tushensa, inda ya fara kafin ya kai hanta. Neman tushen nan ya kai mu wata cibiyar hoton PET a Delhi, hoton da ake ɗauka bayan an yi wa mutum allurar da na'ura ke hangowa a cikin jiki.

Allurar da suke yi sunanta galiyom-68 DOTATATE. Likitar ta zana mini yadda take aiki a bayan rasit, har yau takardar tana jakata. Ƙwayoyin irin wannan ƙari suna da wasu wuraren kamawa, wato makama, a jikinsu da wani sinadarin jiki mai suna somatostatin ke liƙewa. An ƙera DOTATATE kamarsa, aka ɗaura masa galiyom mai fitar da tururin nukiliya. Duk inda ya sami makama sai ya maƙale, na'ura ta hango shi. PET ɗin da aka fi sani sukari yake bi, ƙari mai girma a hankali kuwa bai cika cin sukari ba, yana iya ɓuya.

Wajen lokaci ba su da wasa, na kuma yaba. Duk minti 68 rabin ƙarfin galiyom ɗin ke tafiya, don haka da an haɗa shi sai jijiya. Sun tambayi ranar da ta karɓi allurar octreotide ta wata-wata, maganin da shi ma ke liƙewa a makama ɗin nan, suka sa mana rana dab da ta gaba, don kada maganin ya tare wuraren. Bayan allura an jira kusan awa ɗaya, ina ta cewa, "Yaya, daure ki ƙara ruwan nan." Hoton kansa bai wuce rabin awa ba.

Inda suka ɓata mini rai shi ne miƙa sakamako. An ba ni hoto ba bayani, na ga saifa da ƙoda sun yi baƙi ƙirin. Wallahi ƙafafuna suka kasa ɗaukata, na ɗauka ciwon ya gama jiki. Sai bayan awa biyu aka ce mini haka suke fitowa ko ga mai lafiya. Da kalma ɗaya ta isa tun lokacin miƙa hoton.

Tushen kuwa ya fito: ɗan ɗigo a ƙaramin hanji, wanda CT bai gani ba. A kansa likitan fiɗa ya ɗora biro ya sa mana ranar aiki.