Kafson man hantar kifin shak da ake sayarwa a Abuja: ya cancanci kuɗinsa?

A kantunan magani na Wuse da Garki, da hannun masu talla a WhatsApp, ana samun kwalaben kafso na man hantar kifin shak, yawanci mai miligiram 500 ko 1,000 a ƙwaya guda. Abin da ake cewa yana yi ba ya ƙirguwa: ƙarfafa garkuwar jiki, gyaran fata, har da maganin ciwon kansa, wato ciwon daji. A ganina bai kai kuɗinsa ba.

Mafi yawan abin da ke ciki wani mai ne da ake kira sikwalin, wanda jikin ɗan Adam ma yana yin nasa. Mai neman omega-3 (wani nau'in mai da ake samu a jikin kifi) kuwa, kifin titus ko sadin sau biyu a mako ya fi masa wannan kwalba. Zancen cewa shak ba ya kamuwa da kansa ba gaskiya ba ne, an sha samun ƙari a jikinsa. Ko guringuntsinsa da aka gwada a kan masu kansa, sakamakon da ya fito a Amurka a 2005 da 2010 bai nuna wani amfani ba.

Wanda ya dage sai ya saya, ya fara duba lambar NAFDAC. Idan an rubuta a jikin kwalbar cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin mai kayan ba, to ba ta ce yana warkar da komai ba ke nan. Sannan ya huda ƙwaya ɗaya da allura ya shinshina. Ƙarni kaɗan ba laifi, amma wari mai kama da na tsohon fenti alama ce man ya lalace. Zafi da haske ne ke jawo haka, kuma kwalbar da ta yi watan Maris a shagon da ba wuta, ko a cikin mota, ba abin yarda ba ce. Ƙwayoyin da suka manne da juna ma a bar su. Mai juna biyu da mai shan maganin tsinka jini kada su taɓa sai da izinin likita.

Babban aibin man nan yana can cikin teku. Duniya ta yi ta cece-kuce a 2014 da Yammacin Ostireliya ta kafa ƙugiyoyi don kare masu wanka, aka kama shak 172, babu ko farin shak ɗaya da aka fi tsoro. Amma wani ƙiyasi na 2013 ya ce masunta na kashe kusan miliyan 100 a shekara, don nama da fiffike da hanta. Man hanta ya fi fitowa daga nau'o'in da ke can ƙasan teku, waɗanda wasunsu kan ɗauki ciki kusan shekara biyu su haifi ɗa ɗaya ko biyu. Irin wannan in aka kwashe shi, dawowarsa sai an daɗe. Kuma rashinsa ba shi kaɗai yake shafa ba: a gaɓar Shark Bay ta Ostireliya an ga cewa tsoron shak ne ke hana kunkurun teku da saniyar ruwa cinye ciyawar da ƙananan kifaye ke girma a ciki. Kwalaben nan kuwa da wuya ka ga wadda ta faɗi irin kifin ko tekun da aka kamo shi.

Masu saye don fata su nemi man sikwalen na shafawa (dangin sikwalin ne) da aka rubuta an yi shi daga rake ko zaitun. Sinadarinsa ɗaya ne da sikwalen da ake yi daga hantar shak, ɗigo biyu ko uku bayan wanka ya isa fuska.