Ranar kasuwa ko ɗakin kaka: wanne za ka fara ɗauka?

Wani ɗan'uwa ya yi tambaya a zauren nan daren jiya. Ya sayi 'yar rikoda, zai je hutun mako biyu ƙauyensu, yana so ya san bambancin aikin masu fasahar sauti irin su Emeka Ogboh da na masu tattara tarihin baka, kuma wanne zai sa a gaba: hayaniyar ranar kasuwa ko hira da kakarsa. To malam, ga abin da na sani, sai ka auna.

Na'urar ɗaya ce, kunnen ne ya bambanta. Ogboh, haifaffen Inugu a 1977, ya yi suna ne da naɗar sautin Legas: ihun kwandastocin danfo, wato ƙananan bas-bas na haya, suna kiran sunayen unguwanni, ham ɗin motoci, rurin janareta, kiran 'yan talla. A 2011 ya kafa lasifikoki a wajen gidan adana zane na Kiasma da ke Helsinki, masu wucewa cikin sanyin Finland suka riƙa jin tashar motar Legas. A 2016 ya kai sautin kasuwar Balogun gidan tarihin fasahar Afirka na Smithsonian a Washington, ya gauraya shi da kiɗa. Mai sauraro a can bai san me ɗan tallan ke faɗa ba, kuma ba lallai ne ya sani ba. Tashin muryar da saukarta da cunkoson da ke bayanta su ne kayan aikin. Ko a bikin baje kolin Venice na 2015, inda ya sa 'yan Afirka mazauna Berlin suka rera taken Jamus cikin harsunan Afirka goma, kowace murya daga lasifikarta, abin da ke kama mutum shi ne yadda muryoyin suka kewaye shi.

Mai tarihin baka kuwa kalma yake farauta. Wa ya faɗa, yaushe, daga bakin wa ya ji, a zamanin wane sarki. Domin wannan aka kafa cibiyar da yanzu ake kira CELHTO a Yamai a 1968, da tallafin UNESCO, ana bin dattawa da maroƙa ana naɗa, ana rubutawa, ana fassarawa. A wurinsu janaretan da Ogboh zai tsaya ya saurara annoba ne, don yana iya cinye sunan gari guda a tsakiyar jimla. Ni kaina na taɓa zama da wani dattijo kusan awa biyu, fanka na kaɗawa a kanmu, da na dawo gida na tarar rabin sunayen da ya lissafa iska ta tafi da su. Kafin in koma, Allah Ya yi masa rasuwa.

Inda nake so ka tsaya ka yi tunani shi ne labarin Baba ta Karo. Tsakanin 1949 da 1950 wata Baturiya mai suna Mary Smith ta zauna da wannan tsohuwa a ƙasar Zazzau, tana ba ta labarin rayuwarta da Hausa, ita kuwa tana rubutawa da hannu: harin masu kamun bayi, zuwan Turawa, aure da kishiya da ƙawance da bori. Baba ta rasu a 1951, littafin ya fito a 1954. Samun irinsa sai an tona. Amma muna karanta waƙoƙin da ta rera ba mu jin karinsu. Ba mu san inda ta yi dariya ba, ko inda ta sassauta murya don kada na waje su ji, ko sautin daka da ke tashi daga tsakar gida tana magana. Takarda ta riƙe abin da mai tarihi ke so, ta zubar da abin da mai fasahar sauti zai ɗauka. Kai da ke da rikoda a aljihu ba ka da hujjar yin wannan asarar.

Wajen aiki ma hannun ya bambanta. In hira ce, ka kusantar da makirufo kamar taƙi ɗaya ko biyu daga bakinta, a ɗaki mai katifa da labule, a kashe fanka da rediyo. Ka fara da faɗin rana da gari da sunanta, ka nemi izininta a cikin naɗin. Sannan ka iya bakinka: "to", "haka ne", "ikon Allah" da muka saba jefawa suna hawa kan maganarta, gyaɗa kai ya wadatar. In kasuwa ce, ka sa wa makirufo hular tare iska, ka toshe kunne da abin sauraro, ka zaɓi wuri ɗaya ka tsaya cak minti goma ko ashirin. Masu koyo sukan yi ta yawo, su dawo da ƙarar takalminsu. Izini a nan ya fi wuya tunda ba za ka tambayi kowa ba, amma ka gaida sarkin kasuwa tukuna, kuma in cinikin wani ko rigimarsa ta fito sarai, kada ka yaɗa.

Sai batun almakashi. Ogboh yana yanka, yana maimaitawa, yana ɗora ganga a kan muryar kwandasta, ba wanda zai ce ya yi ƙarya, don bai ce shaida yake bayarwa ba. Mai tarihi in ya ɗauko jimlar farko ya liƙa ta a ƙarshe, ya sa wa tsohuwa maganar da ba ta yi ba. Kana iya yin duka biyun da naɗi guda, da sharaɗin asalin ya zauna yadda yake, ka yi wasanka a kan kwafi.

Ni dai a ganina ka fara da kaka, tun ranar da ka sauka, kuma kada ka nemi gamawa a zama ɗaya. Tsofaffi sai a zama na uku suke buɗe tukunyar ƙasa. Kasuwa za ta sake ci mako mai zuwa. Ba wai sautinta ba ya mutuwa ba ne, injin niƙa ya riga ya rage luguden safiya a garuruwa da yawa, sai dai shi a hankali yake tafiya. Idan ta gama magana kada ka yi saurin kashewa, bar rikodar ta ƙara minti biyar ta ɗauki gidan: kaji, turmi, kiran sallar magariba daga nesa. Ka naɗa a tsarin WAV, wanda ba ya matse sauti, ka ajiye kwafi a wuri biyu. In za ka turo mana ɗanɗano ta WhatsApp, turo shi a matsayin fayil, saƙon murya matse sauti yake yi.