Wata Bakwai Ina Shan Garin Furotin: Abin da Na Gani a Jikina

Na fara ɗaga ƙarfe ina da nauyin kilo 68, na kuma shafe kusan shekara guda ina zuwa wajen motsa jiki sau uku a mako ba tare da wani canji na a-zo-a-gani ba. Ƙarfi ya ɗan ƙaru, amma riga tana nan yadda take a kafaɗata. Mai horar da mu ne ya ce in yi kwana bakwai ina rubuta duk abin da ya shiga bakina in kawo masa. Da muka zauna muka yi lissafi, ashe furotin ɗin da nake samu a rana bai wuce giram 60 ba. Wannan ya ishi wanda ba ya aikin ƙarfi, domin ma'aunin da aka saba ba baligi shi ne giram 0.8 a kan kowane kilo na nauyinsa, ni ke nan kusan giram 54. Mai neman tsoka kuwa, abin da yake bukata ya kai ninki biyu na wannan.

Na fara gwada cike giɓin da abinci. Ƙwai ɗaya yana da kimanin giram 6, kofin madara giram 8, dafaffen ƙirjin kaza mai nauyin giram 100 yana ba da wajen giram 30. A takarda abin da sauƙi. A aikace, ni mutum ne da ba ya iya cin abu mai nauyi da safe, ga aiki da ke riƙe ni har yamma. Sai dare ya yi in tarar da sauran giram 40 a gabana, ciki kuma ya riga ya cika. Wannan ne ya kai ni ga sayen garin furotin na ruwan madara, wanda 'yan ɗaga ƙarfe ke kira wei.

Asalinsa ba wani abin mamaki ba ne. Idan ana yin cuku, madara takan rabu gida biyu, dunƙulen da ruwan. Wannan ruwan ake tacewa a busar ya koma gari. Kusan kashi 20 cikin ɗari na furotin ɗin madarar shanu yana cikinsa, kuma jiki na saurin narkar da shi. Yana da yawan lusin, ɗaya daga cikin sinadaran amino, wato tubalan da furotin ke haɗuwa da su, da ke zaburar da tsoka ta fara gyara kanta bayan an wahalar da ita.

Robar farko da na saya irin da ake kira konsantiret ce. Ludayi ɗaya, wajen giram 30 na gari, yana ba da giram 24 na furotin. Ɗanɗanonta ya yi mini, tana narkewa a ruwan sanyi in an girgiza sosai, sai dai kumfa. Matsalar a ciki take. Mako biyu na farko na sha fama da kumburin ciki da ƙugi, wani lokacin har barci ya gagara. Sai daga baya na gane cewa sukarin madara ne, wato laktos, wanda irin wannan garin bai rabu da shi duka ba, ni kuma cikina bai cika jure shi da yawa ba. Na koma aisolet, wanda aka fi tacewa, furotin ɗinsa ya kai kashi 90 cikin ɗari, laktos ɗin kuma kaɗan ne ƙwarai. Cikin kwana uku ciki ya lafa. Ya fi tsada, bai kuma kai na farkon daɗi a baki ba, amma shi na riƙe har yau. Abu ɗaya da ba wanda ya gaya mini: kofin girgizawa in ya kwana ba a wanke ba, warin da yake yi sai an jiƙa shi da ruwan zafi da sabulu kafin ya fita.

Na sa wa kaina giram 110 a rana, wato kusan 1.6 a kan kowane kilo. Ban ɗauko adadin daga iska ba. A shekarar 2018 an fitar da wani babban nazari da ya tattara sakamakon gwaje-gwaje 49 da aka yi a kan mutum sama da 1,800 masu ɗaga ƙarfe, aka ga amfanin ƙarin furotin yana tsayawa ne a wajen giram 1.6 a kan kowane kilo a rana, abin da ya haura haka ba ya ƙara tsokar kirki ga yawancin mutane. Abin da ya fi tsaya mini a rai a nazarin shi ne girman bambancin: waɗanda aka ƙara wa furotin sun fi sauran samun tsoka da kimanin giram 300 kacal. Akwai riba, amma ba irin wadda hoton jikin roba ke nunawa ba.

Jikina ma abin da ya faɗa mini ke nan. A wata bakwai na tashi daga kilo 68 zuwa 71 da rabi. Damtsena ya ƙaru da kusan santimita biyu, ƙarfen da nake turawa a kwance ya tashi daga kilo 45 zuwa 62. Ciwon jikin da kan bi ni kwana uku bayan aikin ƙafa ya ragu, yunwar tsakar rana ma ta yi sauƙi. Na yi murna, har yanzu ina yi. Amma a wata na huɗu na ji rauni a wuyan hannu, na yi mako uku ban taɓa ƙarfe ba, ina ci gaba da shan ludayi biyu kullum don tsoron kada abin da na tara ya zube. Da na dawo, sikeli ya nuna ƙari, tef ɗin awo ya nuna inda ƙarin ya sauka: a ƙugu. Kowane giram na furotin kalori huɗu ne, in kuma tsoka ba ta da dalilin girma, rarar abinci inda ta saba zuwa za ta je. Watannin da na fi ganin ci gaba su ne waɗanda nake ƙara nauyin ƙarfe kaɗan-kaɗan duk mako ko biyu, nake kuma samun barcin awa bakwai zuwa takwas.

Da farko ina gama atisaye nake rugawa in haɗa in sha, don an ce in rabin awa ta wuce an yi asara. Na daina wannan gaggawar ban ga wani bambanci ba. Jimillar abin da aka ci a yini ita ce magana, musamman in an raba ta kashi uku ko huɗu, giram 25 zuwa 35 a kowane zama.

Wajen saye nake so mutane su buɗe ido, domin nan ne raina ya fi ɓaci. Akwai robobin da aka rubuta furotin da manyan baƙaƙe a gaba, in ka juya baya ka ga yawancin garin sitaci ne da sukari, an yi shi ne don ƙara ƙiba. Akwai kuma masu zuba sinadaran amino masu araha irin su gilaisin da taurin don awon furotin ya nuna adadi mai yawa, alhali cikakken furotin ɗin bai kai haka ba. A ƙasashe da dama, har da Amurka, ba a tantance irin waɗannan kayan kafin su shiga kasuwa yadda ake yi wa magani. Shi ya sa nake duba jerin abin da ke ciki, in ya yi tsawo in ajiye, nake kuma neman tambarin masu gwaji masu zaman kansu kamar Informed Sport ko NSF.

Wani abokin atisayena ya tambaye ni batun ƙoda, na ce masa ga mai lafiya wannan adadin ba a san shi da illa ba, amma duk wanda ke da ciwon ƙoda, ko ciwon sukari da hawan jini da ka iya taɓa ta, kada ya fara sai ya ga likita. Ni ma na yi gwajin jini kafin in fara, na sake a wata na shida, komai lafiya lau. Na ƙara shan ruwa, na ƙara ganye da 'ya'yan itace, saboda makonnin da na fi karkata ga nama da gari bayan gida ya yi mini tauri.

Yanzu ludayi ɗaya nake sha, da safe, lokacin da ba na iya cin abin kirki. Sauran giram tamanin da 'yan kai daga ƙwai, kifi, kaza, wake da madara suke fitowa. Ranar da na samu sukunin cin abinci sau uku yadda ya kamata, ko buɗe robar ba na yi. Wadda nake kai ta kusa ƙarewa, kuma aisolet ɗin zan sake saya, mara ɗanɗano a wannan karon, don zaƙin ya fara gundurata.