Grasslands ko Riding Mountain, ina za a kai yara?

Hajiya, kin tambaya wanne ya fi dacewa ki kai yara hutun Yuli, gandun dajin Grasslands na lardin Saskatchewan ko Riding Mountain na lardin Manitoba. Duka biyun a yankin filayen ciyawar Kanada suke, amma ba su yi kama ba ko kaɗan.

Riding Mountain tudu ne da ya taso a tsakiyar gonaki, daji ya lulluɓe shi, kusan kilomita 100 arewa da birnin Brandon. Akwai inuwa, akwai tafkin Clear Lake da yara za su yi iyo, ga garin Wasagaming a bakin ruwan da masauki da shaguna. Bauna kuma suna cikin wani makeken shinge kusa da tafkin Audy, daga cikin mota za ku gan su. Sauro dai sai kin shirya masa.

Grasslands fili ne fetal a kan iyakar jihar Montana ta Amurka, iya ganinki ciyawa ce da sama. In kin tsaya a gefen kwarin kogin Frenchman, ba abin da za ki ji sai iska tana kaɗa ciyawa da kukan wasu 'yan dangin kurege da ke tsaye a bakin ramukansu, suna sanar da juna an yi baƙi. A duk Kanada, a yankin nan kaɗai suke rayuwa a daji. Baunar wurin an dawo da su ne a 2005 daga gandun Elk Island, bayan sama da shekara ɗari babu su, kuma babu shinge tsakaninki da su, don haka a bar musu tazarar mita 100. Dare kuwa, ni ban ga taurari haka ba tun ina kwana a tsakar gida lokacin bazara. Tun 2009 aka keɓe wurin don kare duhunsa daga hasken lantarki.

Sai dai bishiya ta yi ƙaranci, rana na duka, akwai kaska da macizai masu dafi, ƙauyen Val Marie kuma ƙarami ne ƙwarai. Ki cika tanki ki ɗebi ruwa tun daga birnin Swift Current da ke kan hanya.

Tunda naki ƙanana ne, ki kai su Riding Mountain bana. Grasslands ta fi shiga raina, amma ki bari sai ƙafarsu ta yi ƙwarin doguwar tafiya, ku je a Satumba da zafi ya sauka.