Wata bakwai da buɗe shafin hotunana a intanet

Shekara 11 ke nan ina ɗaukar hoto a Sakkwato, kuma har zuwa bara duk wanda ya nemi ganin aikina sai dai in tura masa hotuna ta WhatsApp, ko in ce ya leƙa Instagram, ko kuma ya tako har shagona a Mabera in buɗe masa albam. Abin da ya sauya mini tunani shi ne wata ƙungiya mai aikin noman rani a yankin Goronyo da ta nemi mai ɗaukar hoto, aka tambaye ni adireshin shafina, ni kuwa ba ni da abin bayarwa sai lambar waya, aikin ya wuce ni ina ji ina gani. Bayan haka ne na nemi wani matashi da ya karanci kwamfuta a nan garin ya gina mini shafi, kuma yanzu da shafin ya yi wata bakwai yana aiki, na ga ya kamata in faɗi abin da na gani a kansa tsakani da Allah.

Saɓaninmu na farko a kan yawan hotuna ne. Na kai masa sama da 200, waɗanda a ganina babu na yarwa a ciki, sai ya dube ni ya ce, "Malam, wanda ya buɗe shafin nan goma na farko zai kalla ya yanke hukunci, sauran kai kaɗai za ka riƙa kallonsu." Maganar ta yi mini zafi, domin kowane hoto na san ranar da na sha kafin in same shi, amma muka zauna kwana biyu muna tankaɗe da rairaya har muka tsaya a kan 36, muka kasa su gida uku: bukukuwa, hotunan situdiyo, da na sana'o'i da kasuwa. A fuskar shafin kuwa babu kiɗa, babu hotuna masu wucewa da kansu, hoto ɗaya ne tak: wani dattijon majemi yana ɗaga fatar jar akuya daga ruwan bagaruwa, hannayensa sun rine har gwiwar hannu, hasken hantsi yana ratsa gefen fatar. Irin fatar nan ce fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko, alhali ta ƙasarmu ce. Ƙarƙashin hoton akwai sunana, da layi ɗaya mai faɗin abin da nake yi da garin da nake, sai maɓallai uku. Yau in aka tambaye ni abin da na biya kuɗi a kansa, zan ce wannan ragin ne.

Abu na biyu da ya yi daidai shi ne nauyin hotuna. Kyamarata mai megafiksel 24 ce, wato kowane hoto yana da fiksel 6000 a tsawo da 4000 a faɗi, kuma ko a tsarin JPEG yakan kai kusan megabayit 10. Da an ɗora su haka, mutum zai ƙone datarsa kafin hoto na biyar ya bayyana. Sai matashin ya rage tsawon kowanne zuwa fiksel 2000, ya mayar da su tsarin WebP da kamfanin Google ya fito da shi a 2010, har yawancinsu suka dawo ƙasa da kilobayit 300, sannan ya tsara shafin yadda hoto ba ya saukowa sai mai kallo ya gangaro kusa da shi. Abin da ya burge ni shi ne bai yarda mu gwada a kwamfutarsa kawai ba. Mun ɗauki tsohuwar wayar yaron shagona muka shiga kasuwar Kara, muka tsaya cikin ƙurar shanu inda sabis ke hawa da sauka, muka buɗe shafin, ya kuwa buɗe kafin in gama amsa gaisuwar wani dillali. Sai dai matsewar ta ɓata hotunan hunturu. Akwai wani da na ɗauka a bakin gulbin Rima da sanyin safiya, inda hazo ya haɗe ruwa da sama, bayan an matse shi sai samaniyar ta fito layi-layi kamar an shafa fenti da tsohon buroshi. Shi bai lura ba, ni da na san hoton na gani, muka sake fitar da guda biyar masu irin wannan laushin launi da nauyin da ya fi na saura.

Inda na fi jin daɗin aikin shi ne batun hotunan mata, wanda duk mai sana'ar nan a Sakkwato ya san nauyinsa. Mafi yawan abincina daga biki yake fitowa, kamu da walima da wuni, amma ba kowane ango ko uban amarya zai yarda fuskar 'yarsa ta zauna inda kowa zai gani ba, kuma ni ma ban ga laifinsu ba. Saboda haka sashen bukukuwa na fili ya ƙunshi taron ɗaurin aure na maza, da hannayen da aka yi wa lalle, da jeren akwatunan lefe, da fuskokin da na karɓi izinin masu su a rubuce kawai. Sauran kuwa kowane biki yana da ɗakinsa mai kalmar sirri, wadda nake ba wa mai bikin shi kaɗai, in rufe ɗakin bayan kwana 30. Matashin ya kuma nuna mini cewa hoto yakan ɗauko ɓoyayyun bayanai, har da wurin da aka ɗauke shi in na waya ne ko na kyamara mai GPS, ya saita yadda za a goge su kafin a ɗora. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a 2023 ta ƙara wa batun izini ƙarfi, amma ni tun kafin doka ina tsoron ranar da wata hajiya za ta tsaya a ƙofar shagona tana tambayar wanda ya ba ni izinin baje 'yarta.

Akwai kurakurai, kuma ɗaya daga cikinsu babba ne. Adireshin shafin mai ƙarewa da .com.ng ne, irin wanda hukumar NiRA ke kula da shi, ana sabunta shi duk shekara da naira, shafin kuma a kan WordPress, wata manhajar gina shafuka, aka gina shi. Wannan zaɓi ya yi mini, domin tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 duk wani abin da ake biya wata-wata da dala ya zama abin tsoro ga mai ƙaramar sana'a. Matsalar ita ce da sunansa da imel ɗinsa matashin ya yi rajistar adireshin, ban sani ba sai bayan wata uku da na tambayi inda saƙon sabuntawa zai zo. Ba na zarginsa da mugun nufi, amma da ya bar gari ko mun ɓata, shagon nawa ne mabuɗin na hannunsa. Sai da na yi ta bibiya na mako biyu kafin a mayar da komai sunana. Haka nan salon rubutun da ya zaɓa saboda kyau bai san haruffa masu lanƙwasa ba, inda duk aka rubuta ɗaurin aure ko ƙunshi sai wani ɗan akwati ya fito a madadin harafin farko, sai da aka canza salon gaba ɗaya. Koyarwar da ya ba ni kan ɗora sababbin hotuna ma ta sa'a guda ce, ba ta isa mutum irina ba.

Matashin ya sa fom na aika saƙo, wanda a wata bakwai mutum biyu ne suka cika. Maɓallin da ke kai mutum WhatsApp kai tsaye shi ne ke aiki, shi ya sa na sa aka ɗauko shi daga ƙasan shafi aka dawo da shi sama. Aikin gaba ɗaya bai wuce kuɗin ɗaukar biki guda ba, kuma na mayar da su daga aiki biyu da suka zo ta shafin, ɗaya daga wani ɗan Sakkwato mazaunin Abuja da ke shirin auren ƙanwarsa a Gawon Nama.

Zan iya tura abokin sana'a wurinsa, da sharaɗin a yi rajistar adireshi da sunan mai shago tun ranar farko, a kuma gwada haruffan Hausa a waya kafin a cika kuɗi. Ni dai yanzu ina jiran damina ta kankama in koma Rima, kuma mun yi yarjejeniya cewa duk hoton da zai shiga shafin sai wani ya fita, don haka tun yanzu na fara duba wanda zan sallama daga cikin 36 ɗin.