Sauka a Kaduna ko a Abuja?

Mai dawowa Kaduna daga Legas yakan tsaya tunani: ya sauka a filin jirginmu na hanyar Mando, ko ya sauka Abuja ya ƙaraso ta ƙasa?

Abuja ta fi yawan jirage, nesa ba kusa ba, amma saukar farkon tafiya ce. Sai ka kai kanka tashar Idu, ka hau jirgin ƙasan da aka buɗe a 2016, ka ci kilomita 186 zuwa Rigasa. Kujera da sanyi, babu laifi. Matsalar tikiti ce, yakan ƙare da wuri a intanet, kuma jirginka na sama ya yi latti kaɗan, na ƙasa ba ya jira. A Rigasa ma da saura: ga akwati a hannu, ga cinikin Keke Napep, ga cunkoso.

Filin Kaduna kuwa jirage kaɗan ne, kuɗin shatar tasi na da zafi. Duk da haka, kana fitowa ka miƙe Mando, sai Kawo, ka shiga gari. In da tsoho ko yara a tafiyar, ni nan nake zaɓa, ko da za a ɗaga tafiyar kwana ɗaya.